Daga Tashar Gusau Zuwa Filin Tsere: Yadda Ake Shirya Tsohuwar Fijo Ko Golf Ta Zama Motar Gasa

Duk mai bin titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe da Gusau, ya wuce Nahuce da Bungudu ya nufi Sakkwato, ya saba ganin motoci iri biyu. Akwai Golf ta haya, cike da fasinja da buhuna har but ɗinta ba ya rufuwa sai an ɗaure da igiya. Akwai kuma tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, wadda yanzu an fi ganinta a yashe a bakin gareji, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta, ana jiran ranar da 'yan gwangwan za su zo su saye ta a kilo.

Matashin da ke buga wasan DiRT Rally 2.0 a kwamfuta ko PlayStation zai tarar da Golf GTI 16V da Mini Cooper S da Datsun 240Z a jerin motocin da zai iya zaɓa. Masu wasan sun sa su ne saboda kowace ta taɓa cin babbar gasa a duniya. A Turai da Kenya da Japan akwai kanikawan da sana'arsu ke nan: su ɗauko tsohuwar ƙaramar mota su shirya ta don tsere, ko su sake gina wata shahararriyar motar gasa yadda take a ranar da ta yi nasara. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, inji ne abu na ƙarshe da suke taɓawa. Aikin yana farawa ne daga takardu, sai bodi, sai kayan kare rai.

Shekarar da gasar duniya ta iso Kano

A watan Mayun 1974, gab da gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus ta Yamma, motoci sama da 50 suka tashi daga Landan za su Munich. Sai dai hanyar da aka tsara masu ba miƙaƙƙiya ba ce. Sun bi ta Faransa da Sifen, suka tsallaka Maroko, suka ratsa hamadar Aljeriya da Nijar har Kano, sannan suka juya arewa. A Aljeriya an samu kuskure a littafin hanya, domin an ƙara gina titi bayan an rubuta shi, don haka direbobi da yawa suka ɓata cikin sahara. Motoci 19 ne suka isa Munich, kuma biyar kaɗai daga cikinsu suka bi dukkan hanyar ba tare da yanke ba.

Citroën DS 23 ta wasu 'yan Ostareliya, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski, ita ta zo ta ɗaya. Ta biyu da ta uku da ta huɗu duk Peugeot 504 ne. Mata biyu 'yan Faransa, Christine Dacremont da Yveline Vanoni, su suka tuƙa wadda ta zo ta biyu.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1975, kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. A shekarar 1975 ɗin dai 504 ta lashe manyan gasa uku na Afirka: Safari ta Kenya a hannun Ove Andersson, ta Maroko a hannun Hannu Mikkola, da Bandama ta Kwadibuwa a hannun Bernard Consten. Wanda ya zauna gefen Mikkola yana karanta masa hanya shi ne Jean Todt, wanda daga baya ya shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, daga 2009 zuwa 2021.

Ƙananan motoci ma suna da nasu tarihin. Volkswagen Beetle ta ci Safari a 1962. Mini Cooper S, mai inji cc 1,071 kacal, ta ci gasar Monte Carlo a 1964 a hannun Paddy Hopkirk. A gasar Paris zuwa Dakar ta farko, a farkon 1979, wadda ta bi ta Arlit da Agadas da Yamai, 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun zo na biyu a ɓangaren motoci da ƙaramar Renault 4. Ita kuwa Golf GTI 16V, Kenneth Eriksson ɗan Suwidin ya ci kambun duniya na rukunin A da ita a 1986, sannan ya lashe gasar Kwadibuwa a 1987.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ɗaya ne. A irin hanyoyin Afirka, motar da ta jure ita ke ci. A gasar Bandama ta 1972 babu mota ko ɗaya da ta kammala.

Asali, gyararriya da kwafi

Kafin a kama sifana sai a bambance abubuwa uku, domin a nan ake yawan cutar masu saye.

Na farko ita ce motar asali, wato ainihin wadda ta yi gasar, mai lambar shasi da tarihin da za a iya bi. Mini ɗin Hopkirk mai lamba 33 EJB tana gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila. Datsun 240Z da ta ci Safari a 1971 tana ma'ajiyar Nissan da ke Zama a Japan, da lotsewar da ta samu a hanya har yau a jikinta.

Na biyu ita ce gyararriya, wato tsohuwar motar gida da ba ta taɓa tsere ba, aka shirya ta bisa dokokin zamaninta don ta shiga gasar tsofaffin motoci. Yawancin motocin da ke shiga East African Safari Classic, wadda aka fara a 2003, irin wannan ne.

Na uku shi ne kwafi, inda ake sake gina wata takamaimiyar mota da launinta da lambarta da fitilunta. Wani lokaci kwafi ne kaɗai hanyar da za a sake ganin motar. Ferrari 156 da Phil Hill ya ci kambun duniya da ita a 1961, kamfanin ya wargaza dukkan waɗanda ya ƙera, saboda haka duk wadda aka gani yau tana gudu sake ginawa aka yi. Kamfanin Jaguar kuma ya yi niyyar ƙera E-type marasa nauyi guda 18 a 1963, ya tsaya a 12, sai a 2014 ya sanar da cewa zai cika sauran shidan da lambobin shasin da suka rage.

Yin kwafi ba laifi ba ne muddin an faɗi gaskiya. Laifin shi ne a goge lambar shasi a buga wata, ko a sayar da kwafi da sunan asali. Wannan zamba ce a ko'ina, kuma a Najeriya taɓa lambar shasi kaɗai ya isa ya jefa mai mota da bakanikensa cikin matsala da hukuma.

Takarda kafin sifana

A da, kafin kamfani ya shigar da mota gasa sai ya nuna wa FIA cewa ya ƙera adadi kaza don sayar wa jama'a. A rukunin A na shekarun 1980, adadin shi ne mota 5,000 cikin wata 12. Daga nan sai a cika wata takardar amincewa mai ɗauke da nauyin motar, girman fistin, haƙoran giya, faɗin birki, da hotunan kowane sashe. Wannan takarda ita ce taswirar duk mai son gina kwafi. FIA ta ɗora dubbai daga cikinsu a rumbunta na intanet mai suna FIA Historic Database, kuma ana iya buɗe su a wayar hannu.

Dokokin tseren tsofaffin motoci suna cikin kundin da ake kira Appendix K. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: abin da ba a yi amfani da shi a zamanin motar ba, ba a sa shi yanzu, in ban da kayan kare rai. Motar da ta cika sharuɗɗa ana ba ta wani fasfo mai suna Historic Technical Passport, wanda ke aiki shekara 10. Fasfon yana shaida cewa an gina motar daidai da zamaninta. Ba ya shaida cewa ita ce ta asali.

A nan ne mai sha'awa daga Zamfara zai fara cin karo da gaskiya. Motar Eriksson Golf ce ta ƙarni na biyu, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992, mai inji cc 1,781. Yawancin waɗanda ke lodi a tashoshin Gusau kuwa Golf 3 ne, da yawansu doguwa mai ɗaukar kaya. Ana iya shirya Golf 3 don tsere, amma ko an yi mata fenti iri ɗaya ba za ta zama kwafin motar 1987 ba. Haka ma Fijo. Motocin da suka yi nasara a 1975 salun ne masu inji lita biyu da famfon fesa mai na Kugelfischer, yayin da Fijon da aka sani a tasha kafireta gare ta, kuma doguwar wagon tana da gatarin baya daban da na salun ɗin tsere. Duk wanda ya tsallake karatun takarda, kuɗinsa zai ƙare a kan motar da ba ita ba ce.

Bodi shi ne tushe

Matakin farko a gareji shi ne a tuɓe motar gaba ɗaya: inji, giyabos, kujeru, gilasai, wayoyi, tankin mai, har sai ƙarfe zalla ya rage. Kafin a kwance kowane abu a ɗauke shi hoto da waya, a zuba kusoshinsa a leda a rubuta suna. Bayan wata shida babu wanda zai tuna inda kowane noti ya fito.

Motar da ta yi rayuwarta a arewa ba ta cika tsatsa ba saboda bushewar iska, amma tana da nata ciwon. Shekaru na lodin da ya wuce kima suna tsaga ƙarfe a inda shokozoba ke zama, da gindin ƙofofi, da wurin da gatarin baya ke ɗaure. 'Yar Kwatano da ta fito daga Turai kuma takan zo da tsatsa a ƙasanta, saboda gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara. Ƙaramin maganaɗisu yana tona asirin fanabita: duk inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa a wurin. Sai kuma a auna bodin daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan tsawon hagu da na dama sun saɓa, motar ta taɓa yin haɗari ta karkace, kuma ba za ta taɓa tafiya daidai ba sai an miƙe ta.

A masana'anta ana haɗa bodin mota da walda ɗigo-ɗigo. Wannan ya wadatar a kwalta, amma a hanya mai gargada ɗigon yana saki ɗaya bayan ɗaya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka, a rukunin da doka ta yarda, ana bin gaɓoɓin bodin da walda kamar ɗinki: a yi kusan inci ɗaya, a bar tazara, a sake yi. Ba a yin ta a jere gaba ɗaya, domin zafin zai lanƙwasa ƙarfen.

Sannan a rage nauyi. Lissafin a fili yake. Mota mai kilo 1,000 da ƙarfin doki 100, kowane doki yana jan kilo 10. Idan aka cire kilo 100 na kujerun baya da kafet da kwalin ƙofofi, kowane doki zai ja kilo 9, wanda daidai yake da a ƙara wa injin kusan doki 11 ba tare da an taɓa shi ba. Ƙari a kan haka, birki da tayoyi da shokozoba duk sun samu sauƙi.

Kejin da ke riƙe da rai

Idan gudun mota ya ninka sau biyu, ƙarfin da za ta bugi abu da shi yana ninka sau huɗu. Karo a gudun kilomita 120 ya ninka na kilomita 60 har sau huɗu. Rufin motar da aka ƙera a shekarun 1970 ba a yi shi don ya ɗauki nauyinta idan ta kife a irin wannan gudu ba. Shi ya sa ake gina kejin ƙarfe a cikinta.

Dokar FIA ta fayyace irin bututun da za a yi amfani da shi: ƙarfe marar ɗinki wanda aka ja shi a sanye, mai jure aƙalla niyuton 350 a kowace murabba'in milimita. Babban bakan da ke bayan kan direba sai ya kai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko faɗin 50 da kaurin 2.0. Sauran sandunan kuma 38 da 2.5, ko 40 da 2.0. Kowace ƙafar kejin tana zama a kan farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 3, domin kada ta huda ƙasan motar lokacin haɗari.

Wannan shi ne wurin da ba a yin arha. Fayif ɗin ruwa ko na ƙofar gida yana da ɗinki a tsawonsa, kuma idan ya sha bugu yana iya tsagewa ya zama mashi a cikin mota. Mai rufin zinki kuma hayaƙin waldarsa yana sa mai walda ciwo. Keji na bogi ya fi rashin keji haɗari, domin yana ba direba ƙwarin gwiwar da ba ta da tushe.

Keji ba ya aiki shi kaɗai. Yana tafiya da kujera mai rungume jiki, da bel mai madauri shida, da hular kwano, da abin riƙe wuya. Wanda ya zauna cikin keji babu hular kwano, ƙaramin karo ya isa ya haɗa kansa da ƙarfe. Bel ɗin tsere yana da wa'adin shekara biyar a rubuce a jikinsa, saboda rana da gumi suna cinye zarensa. Ana kuma sa tukunyar kashe gobara inda hannun direba zai kai yana ɗaure, da makunni guda da ke yanke wutar motar gaba ɗaya, wanda ake iya kashewa daga ciki da waje. Alamarsa jan walƙiya ce cikin shuɗin alwatika, domin mai kawo ɗauki ya gan shi nan take. Duk tsofaffin wayoyi da robobin mai ana zubar da su a sa sababbi, domin su ne kan gaba wajen tayar da gobara a tsohuwar mota.

Ƙafafu da birki

Matasa da yawa suna ganin motar tsere ita ce wadda aka sauke ta har tana shafar ƙasa. Wannan na filin kwalta ne mai santsi. Motar da za ta bi burji da rairayi ɗaga ta ake yi. Sirrin 504 ke nan tun asali: ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, taya na bin rami ba tare da ta bar ƙasa ba.

Aikin shokozoba shi ne ya mayar da girgiza ta zama zafi. A kan gargada man da ke cikinsa yana zafi har ya yi kumfa, daga nan sai motar ta fara tsalle kamar babu shi. Don haka ake sa mai iskar gas a matse, wadda ke hana man kumfa. A ƙarƙashin inji ana ɗaura farantin alminiyam mai kauri, haka ma tankin mai, kuma ana shigar da bututun birki da na fetur inda dutse ba zai same su ba.

Birki ma zafi ne maƙiyinsa. Man birki na DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma yana shan danshi daga iska, kuma idan ya sha, mizanin yana sauka zuwa 155. Da zarar ya tafasa sai feda ta nutse ƙasa babu kamu. Man da ya shekara biyar a mota ba abin shiga gasa ba ne, komai kyan launinsa.

Inji, a ƙarshe

Sai duk wannan ya kammala ake waiwayar inji, kuma manufar farko ita ce ya koma lafiyarsa ta ranar da ya bar masana'anta. A auna matsin kowace silinda, a canza ringi da gasket, a wanke lagireto ko a sa mai ƙarin layi, a gyara fanka. Cire abin daidaita zafin ruwa, kamar yadda aka saba a garejoji da yawa, yana ɓoye matsalar ne kawai. Cire salansa kuma ƙara yake ƙarawa, ba gudu ba.

A ƙasar da hunturu ke tashi da ƙura, matatar iska ta fi kowane kayan ƙarin gudu muhimmanci. Ƙurar da ta shiga silinda tana cin ƙarfe kamar sanfefa. Masu ƙara matsin inji kuma sai su yi la'akari da fetur ɗin da za su samu, domin matsi mai yawa da fetur mai rauni yana ƙona fistin. Inji mai doki 110 da zai yi kwana uku yana aiki ya fi mai doki 160 da zai fashe kafin azahar.

Inda wayar hannu ta shigo

Aikin da a da sai mai kuɗi ya je Turai ya yi, yanzu rabinsa yana cikin waya. Tsofaffin faifan bidiyon Safari da Bandama suna YouTube, kuma mai gina kwafi yana tsayar da hoto ya ƙirga fitilu, ya ga inda aka manna lamba, ya gane irin rim ɗin. Idan an san faɗin rim a zahiri, ana iya amfani da shi a matsayin ma'auni a gano girman sauran abubuwan da ke cikin hoton.

Ga kayan da suka ɓace daga kasuwa, manhajoji irin su Polycam suna haɗa hotuna da dama na abu ɗaya su fitar da siffarsa ta kowane ɓangare. Wayoyin iPhone Pro tun daga 12 Pro suna da na'urar LiDAR da ke auna nisa da haske. Daga wannan siffa firinta mai fitar da abu a zahiri tana iya buga murfin makunni ko maƙalin dashbod. Sashen tsofaffin motoci na Porsche ma yana buga wasu kayan da suka ƙare ta wannan hanya. Amma robar da aka buga a gida ta ado ce. Ba a sa ta a birki ko sitiyari ko ƙafar mota.

Wajen gwaji, manhajoji irin su RaceChrono suna auna lokaci da gudu ta GPS. Yawancin wayoyi sau ɗaya suke karanta wuri a daƙiƙa, kuma a gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a wannan daƙiƙar, shi ya sa masu son ƙididdiga ta gaske ke haɗa wayar da ƙaramar na'urar GPS mai karantawa sau 10 ko fiye. Abu ɗaya da ba zai yi aiki ba shi ne na'urar OBD2 da ake saƙalawa a gano ciwon mota. Fijo mai kafireta ba ta da kwamfutar da za ta yi magana da waya. Kunnen tsohon bakanike shi ne na'urar.

To, a ina za a yi tseren?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Titin Gusau zuwa Bungudu hanya ce ta 'yan makaranta da masu babur da amalanke da shanu. Wasan mota a ranar biki ko sallah ya sha jawo asarar rayuka a garuruwan arewa, kuma laifi ne a dokar hanya. Shiga daji don gwada mota ma ba shawara ba ce a halin tsaron da yankunan Tsafe da Bungudu suke ciki. Ita kanta Safari, wadda a da ake yi a hanyoyin da jama'a ke bi, ta fita daga jerin gasar duniya bayan 2002, kuma da ta dawo a 2021 a rufaffun hanyoyi ake yin ta.

A Najeriya ƙungiyar Automobile and Touring Club of Nigeria ce ke wakiltar FIA, kuma akwai filin tsere a Evbuobanosa ta jihar Edo. A arewa maso yamma, bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe yana haɗawa da ralin motoci, kuma a 2020 an yi shi daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka haɗa a cikin gida.

Akwai kuma nau'in gasar da ya fi dacewa da tsohuwar mota da ƙaramin aljihu. A Dakar Classic, wadda aka fara a Saudiyya a 2021, ba wanda ya riga isa ne ke ci ba. Ana ba kowace mota matsakaicin gudun da za ta riƙe, a riƙa cire maki ga duk daƙiƙar da ta yi gaba ko baya. Idan an ce kilomita 50 a awa, kowace kilomita sai ta ɗauki daƙiƙa 72 cif. A nan mai karanta hanya da agogonsa ya kai direba muhimmanci, kuma matashin da ya iya lissafi da waya yana da kujera a motar ko da bai mallaki taya ɗaya ba.

Kafin a kai ga samun fili da izini da motar asibiti a gefe, akwai abin da ke hannun matasan Gusau da Nahuce da Bungudu tun yau. An daina ƙera 504 da Golf 2 da Beetle, saboda haka kowace aka yanka a kilo ta tafi ke nan. Kanikawan da suka san Fijo ciki da waje su ma tsufa suke yi. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya ceto bodi mai lafiya ya ajiye shi a inuwa da takardunsa, ya zauna gefen tsohon bakanike yana ɗaukar bayanansa a waya, ya koyi walda mai kyau da karanta takardar FIA, ya riga ya yi kaso mafi wuya na aikin. Sana'ar da ya koya kuma za ta ciyar da shi ko da motar ba ta taɓa ganin tutar fara tsere ba.